Madubi Cikin Kwanon Ruwa

Jiya ƙanwata Rabi ta bugo waya daga ƙasar waje, inda take binciken taurari. Cikin hasken taurari birjik da manyan na'urori suka tsattsaga launi-launi, ta tsinto wata farar tauraruwa da ta ƙone ta ƙanƙance, amma haskenta na ƙaruwa yana raguwa kamar bugun zuciya. "Yaya, da Baba na raye," in ji ta.

Baba ya koyar a kolejin Filinge. Da hantsi yakan jingina guntun madubi cikin kwanon ruwa, bakan gizo ya bayyana a katangarmu ta laka. Yakan ce, "Tsaga haske, zai faɗa miki wutar da ta haife shi." Ni ke riƙe kwanon, hannuna na sagewa, ba damar motsi. Rabi yake kira ta matso ta duba.

Da ciwo ya kwantar da shi ma, ni na riƙe wuyan hannunsa har bugun ya tsaya. Sunan Rabi ya kira kafin ya cika.

Jiyan, na yi mata barka, na kashe wayar. Allah ya haskaka kabarinka, Baba. Ka dai san wadda ta riƙe kwanon.