Kafson da na sha shekara huɗu a tashar Konni

Shekara talatin ban ba kowa labarin nan ba. Jiya a tasha na ga wani direba mai furfura yana fasa kafso cikin shayi, raina ya ɓaci.

Ni Alhaji Issufu, daga aji uku na kwaleji na fito, na fara da dakon albasa a Tsarnawa har na mallaki motoci biyu. Ba wanda ya ɗaga ni. Shi ya sa ba na jin maganar kowa.

A lokacin, direba ba ya kama hanya sai ya sha kafso ja da rawaya. Wai rigakafi. Mai tallar magani a tire yana cewa, "Alhaji, wanga wanke ciki yake yi tas." Kullum biyu, lafiyata lau, shekara huɗu.

Sai zawo. Daga Konni zuwa Badaguishiri ina tsayawa sau shida. Na koma wa mai tire, ya ce in ƙara zuwa huɗu. Na ƙara.

Wata uku, wando ya daina zama a ƙuguna. Matata Hajiya Rabi ta ce, "Malam, ko ka tafi likita, ko in kira 'yan'uwanka su zo ku yi bankwana."

An kwantar da ni, an sa ƙarin ruwa, an auna jini da bayan gida. Na ji tsoro, ba na ɓoyewa.

Lokotoro, wato likitan, ya ce in kawo abin da nake sha. Hajiya ta zazzage leda a gabansa.

Ya ce, "Alhaji, bangon hanji yana sake sabuwar fata duk 'yan kwanaki. Akwai ƙananan halittu masu amfani da ke zaune nan, suna taya shi, kafson nan kuwa kashe su yake. Kai ka sa wa gona wuta don kashe ciyawa, ka haɗa da geron."

Na ce wane magani zai rubuta, komai tsadarsa. Ya rubuta nasa, ya ce a daina kafso, a riƙa ba ni kindirmo mai tsabta, wanda aka tafasa madarar kafin ta kwana.

Kindirmo. Ni da na hana masu nono tsayawa ƙofar gidana, wai na wuce abincin ƙauye.

Sati shida kafin in iya tuƙi zuwa Malbaza ban tsaya ba.

Na je wurin mai tire. Ya ce, "Haba Alhaji, ni saidawa nake, ban ɗura maka ba." Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya da lokotoron nan.

Kada ku sha kafso sai likita ya rubuta, kuma ku tsaya inda ya ce. In zawo ya wuce kwana uku, ku je a duba. Direban jiya na faɗa masa duk wannan. Ya ce ya ji, ya shanye shayinsa.