Ruwan Wankin Sa

Ina ɗan shekara takwas aka kawo Bello, ɗan ƙanen babana, gidanmu na Ƙofar Dundaye. Kafin zuwansa ni kaɗai Kaka ke kira maigida, ni ke zama jikinta bayan magariba tana dama kunu a bakin murhu. Cikin mako guda ya karɓe wurina, don shi ke wanke mata buta da kwano ba tare da an sa shi ba. Sai na shiga gaya wa yara wai wani abu ya zuba mata a fura.

Maganar ta kai kunnenta. Ba ta yi mini faɗa ba. Da yamma ta gyara itace ta ce, "Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne."

Wai wasu mahauta ne, wa da ƙane. Ƙanen ba ya yanka sa sai ya kai shi bakin rijiya ya wanke shi tas, kashin da ya bushe a cinya da taɓon kofato duk sun fita. In aka feɗe, dattin fata ba ya taɓa nama. Kafin hantsi namansa ya ƙare, na wan kuwa sai ƙuda. Wan ya rantse asiri ne. Ya laɓe ya ga ana wankan, ya ce lallai a ruwan maganin yake. Ya kwashi wanda ya kwanta ƙarƙashin san, ya yayyafa wa namansa.

"Wanga wawa," in ji Kaka tana dubana, "ga rijiya gabanai, ga guga, shi ko dauɗa yak kwasa. Ranar ko karnuka sai da sunka yi shawara kafin su taɓa naman."

Kowa ya yi dariya, Bello har da riƙe ciki. Na tashi na bar musu wurin.

Yau Bello likitan dabbobi ne, shi ke tsayawa a mayanka sai an wanke shanu kafin a kayar. Kwanaki na ji ana yabonsa a wurin ɗaurin aure, ƙyashin nan ya taso mini kamar da. Har na buɗe baki zan ce ai sa'a ce kawai, sai na haɗiye. Na daɗe da gane cewa ba shi da wani asiri. Abin da nake ƙyuyar yi ne shi yake yi. Ganewar ba ta kashe ƙyashin ba, bakina kawai ta ɗaure.

Da na koma gida na kira shi. "Likita, yau na ji ana yabonka, kuma gaskiya suka faɗa."

Ya ce, "Yaya, lafiyarka kuwa?"