Ranar da Na Goge Kwamfutar Ofis

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka sauke mana kwamfuta guda ɗaya a ofishinmu na gwamnati da ke Tarauni. Mu masu buga tafireta muka fi kowa shiga damuwa, domin magana ta yi ta yawo cewa sabbin shugabanni za su rage ma'aikata, kuma wadda ba ta iya na'urar ba ita za a fara sallama. A lokacin mijina bai daɗe da rasuwa ba, ga yara a gabana. Ko wucewa zan yi ta gefen teburin kwamfutar sai na tattare mayafina, kada ya taɓa wata waya a ce ni na lalata.

Wata maƙwabciyata, nas ce, ita ta haɗa ni da wani malami ɗan Filato da ya ajiye koyarwa ya buɗe shagon kwamfuta a Gyadi-Gyadi. Bayan la'asar nake zuwa. Na ɗauka rubutu kawai zai koya mini, sai ya ce sai na san yadda ake ɗora wa kwamfuta babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Ya nuna mini yadda ake kwashe ayyuka a filofi, wato ƙaramin faifan ajiya, a goge komai, a sa faifan sidi a sake ɗorawa. Ya yi mini bayanin bairos, cutar da ke bin filofi daga wannan na'ura zuwa waccan. Duk da haka ban taɓa yarda na goge da hannuna ba. Da mun zo wurin sai in ja kujera baya in ce, "Malam, yi in gani."

Wata safiya kwamfutar ofis ta rikice. Ayyuka suka ƙi buɗuwa, sunayensu suka koma wasu alamomi, can sai ta mutu ta sake tashi da kanta. Daga baya muka ji wani ne ya zo da filofi daga waje don ya buga katin biki, amma a ranar ni aka sani a kan kujerar. Shugaban sashenmu, wani dattijo da muke kira Alhaji, ya zo ya tsaya a kaina. Akwai rahoto a cikin na'urar da ake jira a zaman washegari.

Na hau acaɓa zuwa Gyadi-Gyadi na tarar da shago a rufe. Na samu matar malamin a gidansu kusa da shagon, ta ce ya tafi garinsu, mahaifiyarsa ba lafiya. Ta ɗauko mini faifan da na kwatanta mata, ta riƙe hannuna ta ce Allah zai taimake ni.

Da na dawo na gaya wa Alhaji gaskiya, cewa sai an goge komai, kuma ban taɓa yi ni kaɗai ba.

"Idan kin goge, aikinmu fa?"

"Na kwashe yawanci a filofi, ranka ya daɗe. Amma ban san ko su ma sun kamu ba."

Ya kalli na'urar, sannan ya ce in yi bismillah.

Allon ya yi baƙi, farin rubutu ya fito yana gargaɗin cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Na danna. Abokan aikina suka taru a bakin ƙofa. Ɗorawa ta yi nisa, na fara samun numfashi, sai aka ɗauke wuta.

Malam ya taɓa cewa yankewar wuta a tsakiyar ɗorawa na iya ɓata aiki, ni kuwa a raina na gama yanke cewa na kashe kayan gwamnati. Fuskokin 'ya'yana kawai nake gani. Dattijon da ke gadi ya yi ta fama da janareto har ya tashi. Na kunna, na'urar ta nuna ba komai a cikinta. Na sake farawa daga farko, ina ta salati a zuci.

Gab da magariba allon ya haska, ƙaramar kibiyar nan ta kan allo ta bi motsin hannuna. Na sa manhajar kashe bairos da ke cikin faifan malam tukuna, na bi filofin ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun kamu, ɗaya ya wanku, ɗayan bai ƙara buɗuwa ba. Rahoton yana cikin masu lafiya, sai dai shafukan ƙarshe da ban kai ga kwashewa ba, su na sake bugawa da safe Alhaji na karanto mini.

Daga ranar ya ba da umarni kada filofin kowa ya shiga na'urar sai na duba, aka kuma sa mata kalmar sirri. Wasu suka daina gaishe ni da fara'a saboda na hana su buga takardunsu. Da malam ya dawo na ba shi labari, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce gobe in zo da wuri, akwai wata na'ura da aka kawo gyara, ni zan yi.