Majanyin Inna Ya Je Abijan

Katsina zuwa Maraɗi

Ladan bai kira assalatu ba na fito da jakata tsakar gida. Inna ta riga ni tashi, tana jingine da bango a kan tabarmarta, ta miƙo mini ƙulli biyu. Na farko kuka ce da daddawa, hancina ya riga ya gaya mini. Na biyu wani tsohon saƙi ne, baƙi mai ratsin fari da ɗan ja a baki, duk ya koɗe.

"Ki ba matar gidan," in ji ta, "ko tsumma ta yi da shi."

Ba ta ce in gaida kowa ba, ni ma ban sa rai ba. Wanda za ni wurinsa, Yaya Lawal, shi ne ɗan farinta, kuma tun da nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Inna irin matan da ne, kunyar ɗan fari a wurinsu ba abin wasa ba ce. In ta kama dole sai ta ce "wancan". Ina 'yar ƙarama ya tafi Abijan fataucin goro. Sau ɗaya ya dawo, lokacin rasuwar Baba, ya durƙusa gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, ta tashi ta shige ɗaki. Daga nan sai saƙo, daga baya saƙon ma ya ɗauke. Shekarar da ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ina cikin shafa mata man zafi ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe wancan ba zai zo ba sai an rufe ni."

Ni kuwa Zuwaira, kowa ya san zuciyata a kusa take. Na ce ko a kafaɗa ne sai na kawo shi. A lokacin wayar hannu ba ta shigo ba, zuwa da kai kuma ya fi aike. Maigidana ya haɗa ni da Hajiya Ladi, wata mai safarar atamfa da ta san hanyar kamar tafin hannunta.

Hantsi ya same mu a Jibiya, an sauke mu ana binciken kaya. Wani ɗan kwastan ya kwance ƙullin daddawa, ya yi maza ya ɗaure, bai ƙara taɓa jakata ba. Direbanmu ya ce mini, "Hajiya, wannan takardar taki ta fi ta kowa ƙarfi." A Maraɗi muka canza kuɗinmu zuwa sefa, muka ci shinkafa da wake a tasha.

Yamai da Wagadugu

Daga Maraɗi zuwa Yamai yini guda ne cur, ta Birnin Ƙonni da Dosso. Muka kwana gidan wata ƙawar Hajiya Ladi, ta ba mu fura mai sanyi. Da muka haye kogi muka nufi Burkina sai Hausa ta fara ƙaranci a kunnena. Kowane shinge jandarma zai sauke mu, ya jera mu a rana, ya kira sunaye da irin bakin da ko uwar mai sunan ba za ta gane ba. Ni dai na riƙe bakin mayafin Hajiya Ladi, in ta tashi in tashi.

A Wagadugu muka jira ranar jirgin ƙasa. Da ya tashi, na samu gefen taga, ina kallon ƙasa tana sauya launi, daga ja zuwa kore, har itatuwa suka rufe sama. Kowace tasha mata su yanyame tagogi da ayaba da abarba da wani abu kamar dambu, na rogo, wai shi acake. Ni ba abincin ne a gabana ba. Maganganun da zan gaya wa Yaya Lawal nake shiryawa, ina maimaitawa a fili. Mutum ya samu duniya ya manta da wadda ta kawo shi cikinta? Hajiya Ladi ta gaji ta ce, "Zuwaira, rage wa gobe mana. Ba ki san abin da za ki tarar ba."

Ajame

Jirgi ya ajiye mu a tashar Tireshbil, cikin birnin Abijan. Iyakar abin da muka sani shi ne rumfar goronsa tana kasuwar Ajame, don haka muka shiga wata tasi ta haɗaka da suke ce wa woro-woro, muka haye gadar da ke bisa ruwa, muka wuce dogayen benaye, muka bi ta mararrabar Indeniye. Na sha ganin kasuwa, amma Ajame ta rikita ni. Motoci na ƙaho, yaran mota na ihu, ga taɓo, ga ƙamshin soyayyen kifi, kowa sauri yake yi kamar an biyo shi. Wasu 'yan sanda suka tare mu suna neman katin zama, Hajiya Ladi ta ja su gefe ta yi musu Faransancinta na kasuwa, suka bar mu.

Matambayi ba ya ɓata. A wani lungu bayan ofishin magajin gari muka samu 'yan goro, wani dattijo yana zaune cikin huhuna yana tsince mai tsutsa. Da na faɗi sunan sai ya ajiye goron hannunsa.

"Lawal Bakatsine? Ke wace ce tasa?"

"Ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya kalle ni ya ce, "Yako."

Hajiya Ladi ta raɗa mini cewa haka suke yi wa mutum sannu in abu ya same shi. Na zauna a kan huhu. Dattijon ya ce a'a, Yaya Lawal ba rasuwa ya yi ba. Shekarun baya ne ya yanke jiki ya faɗi a nan wurin, ɓarin jikinsa ya shanye, magani ya cinye jarin. Shi ne kuma ya roƙi duk mai zuwa gida da kada ya kai labarin. Yanzu yana Biyafara.

Na ce, "Wace Biyafara kuma?" Ya ɗan yi murmushi ya ce unguwa ce a Tireshbil. Wato inda jirgi ya sauke ni, da na san hanya, da ƙafa ma zan iya isa gidan.

Biyafara

Gidan haya ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyoyin shanya ta ko'ina. A inuwar wani mangwaro na ga wani tsoho a kan benci, bakinsa ya ɗan karkace, hannun hagu a kwance kan cinya. An ɗaura masa jariri a ƙirji da zane. Wani yaron yana barci a tabarma kusa da ƙafarsa, na uku yana wasa da carbinsa. Da hannun dama yake bubbuga bayan na ƙirjin yana salati a hankali. Ba don goshin Baba da na gani a fuskarsa ba da na wuce shi.

Duk maganganun da na ɗauko tun daga Wagadugu ban san inda suka shige ba. Na durƙusa na fashe da kuka. Ya ce, harshensa yana nauyi, "Yi a hankali, Auta, yanzu na samu ya yi barci."

Matarsa, Yaya Awa, haifaffiyar Abijan ce, Hausarta rabi Faransanci. Da rana ta dawo daga inda take tuyar ayaba, ta rungume ni, ta kai ni ɗaki. Ita ta gaya mini yadda abin yake. Matan gidan duk 'yan talla ne, da safe kowace ta kawo nata ta ajiye masa, masu ƙanana su ɗaura masa a jiki tunda ba hannun riƙewa.

Ba zan ɓoye ba, abin ya ƙona mini rai. Yayana, babban gidanmu, ya koma mai raino a ƙasar mutane! Washegari da wata ta zo ɗaura masa nata, na ce ta kwashe abinta, ba bawan kowa ba ne. Matar ta tsaya sororo, ba ta jin Hausa amma ta ji muryata.

"Bar ta, Auta," in ji shi. Aka ɗaura masa, sai da yarinyar ta lafa sannan ya ci gaba. "Da na faɗi, shekara guda ina kwance ina kallon rufi, ina roƙon Allah ya ɗauke ni. Ko sallah sai Awa ta yi da gaske. Ran nan wata ta rasa inda za ta ajiye ɗanta, ta ɗora mini a ciki ta fita da gudu. Ya yi ta tsala ihu, na rasa yadda zan yi, na kama yi masa salati. Ya yi shiru. Ni ma na ji na yi shiru. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma yana lallashin yaro. Lokacin da nake da ƙafa biyu, a tsaye nake yin komai, har addu'a. Yanzu in gari ya waye na san akwai mai jirana."

Na ce, "A Katsina ma akwai mai jiranka."

Ya kau da kai. "Inna ba ta taɓa cewa in zo ba. Duk saƙon da ya iso, ku ne kuke gaishe ni. Da ina da lafiya ba ta neme ni ba, yanzu zan kai mata wannan jikin?"

Na gaya masa abin da ta faɗa ina shafa mata magani. Na ga dai bai gaskata ba, ya ɗauka ni na ƙara gishiri. Sai a sannan na tuna da ƙullin. Na ba Yaya Awa kuka da daddawa, na miƙa mata saƙin na ce wai ta yi tsumma. Ta warware shi ta ce, "Tsumma? Wannan ai majanyi ne, na ɗaure goyo."

Ya miƙo hannu. Ya shimfiɗa shi a cinya, ya bi ratsin da yatsa har zuwa jan bakin.

"Kaka ce ta saƙa shi da aka haife ni," ya ce. "Ranar da aka yaye ni aka kai mata ni, ta ce ina majanyin, Inna ta ce ya ɓata. Har Kaka ta rasu tana mitar sakacin Inna." Ya rufe fuskarsa da shi. Ban taɓa jin kukan namiji irin wannan ba, ba na kuma fatan in sake ji.

Tashar Jirgi

Shi da kansa ya ce a shirya, zai je. Yaya Awa ta ce likita ya hana shi doguwar tafiya, ya ce likitan yana da uwa? Ranar jirgi mazan gidan suka ɗauke shi zuwa mota, matan suka biyo mu da yara a baya. Mutum huɗu suka kinkima shi cikin tarago. Na zauna kusa da shi ina hamdala, har na fara hango fuskar Inna. Jirgi bai ko motsa ba na ji kansa ya faɗo kafaɗata, jikinsa yana karkarwa, idanu sun juye. Aka sauko da shi. Muna tsaye a dandamali jirgin ya tafi ya bar mu.

Da aka sallamo shi daga asibiti ya koma bencinsa, ya ƙara ramewa. Na ce zan zauna har ya samu ƙarfi mu sake gwadawa. Ya girgiza kai. "Ni da ke mun san ba wani ƙarfi da ke tafe. Tashi ki koma, kada Inna ta rasa mu duka biyu. Ki ce mata ina ci, ina sallah, ina da aikin yi. Ki ce saƙo ya iso."

Da safen da zan tafi, matar nan da na yi wa faɗa ta zo da 'yarta. Ya nuna mata majanyin. Ni na karɓa na ɗaura masa yarinyar da shi, na ƙulle a bayansa. A haka na baro shi, yana bubbuga ta, yana kallona har na fita ƙofa.

Gida

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Hajiya Ladi ta yi ta tura mini abinci, ina karɓa ina riƙewa. Bayan la'asar muka shigo Katsina. Na tarar da Inna a inda na bar ta. Da na yi sallama ba ni ta duba ba, bayana ta duba, ta daɗe tana kallon zaure. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce sannu da hanya.

Na zauna na gaya mata komai, ban rage ba. Carbinta kawai take ja. Can ta ce, "Tsumman nan, ya yi musu amfani?"

Na ce, "Da shi ake ɗaura masa 'ya'yan mutane, Inna. Ni da hannuna na ƙulla."

Ta juya ta fuskanci bango. Na zaci ta yi barci, har na yunƙura zan tashi, sai na ji ta ce, "In an samu mai zuwa, a gaya wa Lawal ya riƙa tallafe musu wuya. Shi ma da yana jariri wuyansa bai yi ƙwari da wuri ba."

Hajiya Ladi ce ta kai saƙon a tafiyarta ta gaba, kuma ta tabbatar mini ta faɗa masa yadda Inna ta faɗa, har da sunan. Ya sa ta maimaita. Inna ba ta ga damina ba, shi kuma ya bi ta shekarar da ta zagayo.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Hajiya Ladi, da dattijon nan mai goro, da Yaya Awa, da matan gidan Biyafara da ban iya yarensu ba. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Yaya Lawal, ya haɗa su inda ba kunya tsakanin uwa da ɗanta.