Ranar da Zukile Ya Kai Baƙi Unguwarsu

Shekara goma sha ɗaya Zukile ya yi yana ɗaukar jakunkunan baƙi a wani otal da ke Green Point, kafin ya samu farar bas mai kujera takwas ya fara yawo da masu yawon buɗe ido. Kasuwarsa maza ne masu son maza, waɗanda sanyin Disamba yake korowa daga Jamus da Holan su zo Cape Town su sha rana. Wannan ya gaya wa wancan, har sunansa ya zaga. Shi ma irinsu ne, kuma a cikin bas ɗin nan ba ya ɓoyewa.

Tun daga filin jirgi yake fara yi musu huɗuba. A hau Dutsen Tebur da sassafe kafin gajimare ya rufe shi. Ruwan tekun Clifton kamar ƙanƙara yake, a tsoma jiki a fito, ba wurin nuna jarumta ba ne. A Cape Point a ɗaga gilashin mota, domin birai ba sa jin kunyar Bature.

"Sai maganar hannu," yakan ce yana kallonsu ta madubi. "A unguwar De Waterkant ku riƙe juna yadda kuka ga dama, ba mai ɗaga ido. A bakin teku ma haka. Amma in kun ji na kashe rediyo, kowa ya mayar da hannunsa aljihu."

Sai su yi dariya, su ce ai a ƙasar nan doka tana bayansu, har aure ake ɗaura wa irinsu. Shi kuwa ya ce gaskiya ne, ya sa wa mota giya ya ci gaba da tuƙi.

Gidansa a unguwar Gugulethu yake, can bayan gari, ɗaki biyu a bayan gidan mahaifiyarsa, Mama Nokwanda, tsohuwar da ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ta je coci. Tare yake zaune da Fezile, wani gajere mai surutu, wanda yake aski a cikin kwantena kusa da masu gasa nama. A bakin mutane, Fezile ɗan'uwan Zukile ne daga ƙauye. Shekara goma sha huɗu suna haka. Ba wai 'yan unguwa ba su da ido ba ne. Kowa ya sani, ba wanda ya furta, kuma muddin ba a furta ba, ana gaisawa, ana zuwa aski.

Fezile ya sha cewa su je ofishin gwamnati a rubuta aurensu.

"Kai kullum kana bakin teku kana tsaya wa Turawa shaidar aure, ka ɗau hoto, ka ciko cikinka da kek. Mu sai yaushe?"

"Bari dai Mama ta..."

"Ta mutu? Matar da za ta binne mu duka biyu ta koma gida ta dafa wake?"

Sai su yi dariya, maganar ta wuce.

A wata Janairu aka kawo masa baƙi biyu daga Hamburg, Torsten likitan haƙori da mijinsa Matthias. Torsten dogo ne mai fara'a, irin mutumin da cikin awa ɗaya sai ka ji kamar tare kuka tashi. A hanyar gonakin inabi ya yi ta tambaya, har Zukile ya yi abin da bai saba ba: ya ciro waya ya nuna masa hoton Fezile. Daga nan Torsten ya kafe sai an kai su Gugulethu. Ya gaji da tsaunuka, yana so ya ga inda mutane suke rayuwa. Zukile ya ce akwai wasu unguwanni. Torsten ya ce tasa yake so. A rana ta uku Zukile ya gaji da musu ya amsa.

Ranar Asabar ce da la'asar. Tun kafin su sauka daga babban titi ya kashe rediyo, Matthias ya zare hannunsa, suka yi wa juna murmushi kamar wasa ake. Aka ci gasasshen nama da tuwon masara, Torsten ya sha giya kwalba uku. Suna komawa wurin bas sai idonsa ya faɗa kan kwantena, ga sunan Fezile da jan fenti a jikin ƙofa. Kafin Zukile ya buɗe baki, Torsten ya riga ya shige.

Shagon cike yake, mutum shida a kan benci suna kallon ƙwallo. Torsten ya ware hannu ya ɗaga murya da Turancin da kowa yake ji:

"Kai ne mijin Zukile! Ya ba mu labarinka!"

Ya rungume shi, ya sumbace shi a kumatu, ya ɗaga waya ya ɗau hoto. Injin aski yana ta kuka a hannun Fezile. Wanda yake kan kujera, Mkhuseli direban haya, ya miƙe da rabin kai a aske, ya fizge ƙyallen wuyansa ya jefar.

"Wato da hannun nan kake shafa mini kai shekara biyar?"

"Haba yaya," in ji Fezile a hankali, "jiya ma ai ka sani."

"Jiya ba a faɗa a gaban mutane ina zaune ba, ɗan daudun banza!"

Ɗaya bayan ɗaya suka fice. A hanyar komawa gari Torsten yana ta cewa mutanen nan akwai kirki, ya tambaya me ya sa mai rabin askin ya fusata, ko ƙungiyarsa ce aka ci.

Litinin ba wanda ya zo aski. Talata aka wayi gari an shafe sunan da ke jikin ƙofa, an rubuta zagi a wurin. Ranar Alhamis da rana tsaka, Zukile yana Simon's Town yana nuna wa baƙin nan biyu tsuntsayen teku masu tafiya kamar tsofaffi cikin kwat, mahaifiyarsa ta kira. Wasu samari uku sun tare Fezile yana rufe shago, sun ɗora hannunsa na dama a kan dakali sun buga masa ƙarfe. Yatsu huɗu. Zukile ya kashe waya, ya mayar da baƙinsa otal, yana amsa tambayoyinsu a kan hanya, sannan ya wuce asibiti. 'Yan sanda sun rubuta rahoto. Ba a kama kowa ba, ko da yake duk layin an san sunayensu.

Da aka cire masa ɗauri, yatsun ba su ƙara lanƙwasuwa yadda za su riƙe inji ba. Fezile ya haɗa kayansa a jaka biyu, ya ce zai tafi wurin yayarsa a garin East London, can gabashin ƙasar. Zukile ya kai shi tasha, yana ta magana, zai nemi gida a cikin gari, za su je ofishin auren gobe-goben nan.

"Ba Baturen nake jin haushi ba," in ji Fezile. "Shi bai san komai ba. Kai ka sani. Shekara goma sha huɗu ka kasa faɗar abin da nake a gaban mahaifiyarka, amma baƙon kwana biyu ka buɗe masa baki."

Ya hau mota bai waiwayo ba.

Bayan wata guda Torsten ya rubuta dogon yabo a intanet, ya ce ranar Gugulethu ita ce mafi daɗi a tafiyarsu, duk wanda ya je ya nemi Zukile ya kai shi shagon askin mijinsa. Baƙi suka ƙaru. Kusan kowace bas sai an samu mai tambayar shagon. Yakan ce an rufe.

Mama Nokwanda ce ta same shi wata safiya yana wanke mota.

"Ba za ka bi Fezile ba?"

Ya tsaya da soso a hannu.

"Ka ɗauka makauniya ce ni? Ni nake shanya muku zanin gado, kuma guda ɗaya ne. Da ka tambaye ni, da na sa hular coci na bi ku ofishin nan."

Har yau bai san ko gaskiya ta faɗa ba, ko kuwa maganar ta yi mata sauƙi ne tunda mutumin ya tafi. Bai tambaye ta ba, kuma ta rasu bayan shekara biyu.

Yanzu Zukile yana da hamsin da ɗaya, yana nan yana tuƙi. Kwantenar ta koma wurin sayar da kaji. Fezile gadi yake yi a wata makaranta, yakan aiko da gaisuwar Kirsimeti layi biyu. Sau biyu Zukile ya yi tafiyar awa goma sha biyu zuwa East London. A ta farko aka ba shi shayi, suka yi hirar ruwan sama da tsadar mai. A ta biyu yayar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a kan dakali, an jera su a rana.