Bawul ɗin da aka ɗaure da waya

Na yi shekaru ina gyaran injinan ban-ruwa tsakanin Kura da Bunkure, ayyuka da yawa sun shige mini, amma akwai wata ranar Talata da har in mutu tana nan a raina.

Lokacin kakar shinkafa ne. Wata Hajiya mai wurin turara shinkafa a bakin kanal ta aiko in zo, wai bawul ɗin saman tukunyarta yana yoyo. Tukunyar ƙaton tanki ne na ƙarfe, ana hura mata wuta da buntu, tururinta ya bi bututu ya dafa shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba. Aikin bawul ɗin shi ne ya buɗe da kansa idan tururi ya yi yawa, don kada tankin ya fashe.

Da na isa, ban ji ƙarar yoyo ba. Mata kusan goma na juya shinkafa dab da tukunyar, wata da goyo. Na ɗaga kai, sai na ga an naɗe hannun bawul ɗin da waya, an ɗaure tamau. Mai hura wutar, wani dattijo, ya ce shi ya ɗaure tun safe, saboda ruwan zafi na fesowa yana ƙona masu aiki. Na duba agogon tukunyar mai nuna ƙarfin tururi, allura ta riga ta shiga ja.

Ban ɗaga murya ba. Na ce matan su koma ƙarƙashin mangwaro, ni da dattijon muka janye wutar da shebur, muka buɗe bututun da ke zuwa wajen shinkafa don tururi ya ragu.

Hajiya ta iso ranta a ɓace. Ta ce shanshera ta kwana biyu a jiƙe, in ba a turara ta yau ba za ta yi tsami, in ɗan taɓa bawul ɗin haka nan a ci gaba.

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Ba zan sa sifana a jikin tukunyar nan ba sai ta huce, kuma ba wanda zai mayar da wutar nan ina tsaye."

Ta dube ni, ta dubi mai goyon. "To, Malam, yi yadda ka sani."

Sai bayan azahar ƙarfen ya taɓu. Na kwance bawul ɗin, na tarar yashin ruwan kanal da tsatsa sun taru a bakinsa, shi ya hana shi rufewa. Sifirin ɗin da ke danne bakin nasa kuwa lafiya lau. Na kankare, na goge bakin har ya yi sumul, na mayar, muka sa wuta. Allura na kusantar ja, bawul ya yi tsaki ya saki tururi, sannan ya rufe ruf, ko ɗigo babu. Dattijon ya zauna a kan buhu.

Kashi ɗaya na shinkafar ya yi tsami, Hajiya ba ta taɓa yi mini maganarsa ba. Ni kuwa ranar na koyi cewa idan ka san abin da ka sani, kuma ran mutane na ciki, ka faɗe shi da ladabi, ka tsaya a kansa ko da wa kake magana.