Sanarwar Modu da Hantsi

Har gobe ina tuna safiyar da wani mutum mai suna Modu ya shigo gidan rediyonmu, a shekarun da ko leda aka yar a Kasuwar Gombe sai kowa ya cika wandonsa da iska don tsoron bam. Ni ke karɓar sanarwa a lokacin. Ku sababbin shiga ku sani, cigiya bayan labaran safe ake sa ta, ko bayan Magariba, sa'ad da kowane mai shayi ya ƙure rediyonsa. Hantsi kuwa mataccen lokaci muke ce masa, don maza sun watse nema.

Modu ya ce shi hantsi yake so, kullum. Saƙon kuma gajere ne: "Falmata, Modu yana Barunde, gidan mai gyaran keke."

Nan take na zarge shi. Baƙo daga Borno, ba wanda ya san shi, yana zaɓen lokaci yana faɗin wuri. Wa yake kira? Na kai wa manaja, shi kuwa dama ko tari ka yi a iska sai ya tambayi ma'anarsa. Ya sa aka shigo da mutumin.

"Malam, me ya sa sai hantsi?"

"Yallaɓai, matata ce, a gudu muka rabu. In tana raye, a gidan mutane take. Rediyo na maigida ne, safe da yamma yana hannunsa. Sai ya fita mata suke ɗauka su kai madafa."

Maganar ta zauna, amma zamanta ma sai ya ƙara mana zargi. Mun ga kamar an shirya masa ita. Manaja ya yanke cewa a sa bayan Magariba. In alama ce ga wasu, ta kuskure su; in gaskiya ce, ai masu ji sun fi yawa. Modu ya yi magiya har muryarsa ta dishe. Aka yi ta sawa da yamma, shiru. Daga baya ya daina zuwa.

Hajiya Asabe, mai shirin mata na hantsi, ita ta gaji da mu. Ta ce, "Ku da tsoronku!" Ta karanta saƙon a shirinta ba ta nemi izinin kowa ba. Kafin ta rufe shirin waya ta shigo, wata mata tana kuka da wayar maƙwabciya, daga wani ƙauye wajen Dukku. Falmata ce.

Na hau babur na tafi unguwar Barunde. Mai gyaran keke ya ce Modu ya haƙura da Gombe, ya bi mota zuwa Yola nema, kuma ba shi da waya. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Wannan aiki ya koya mini cewa mu yawan kunnuwa muka iya ƙirgawa, ba mu tambayar na wane ne. Falmata ta zo da kanta, ta roƙi a yi cigiyar mijinta. Manaja ya tambaye ta wane lokaci take so, ta ce bayan Magariba, lokacin maza.